Fita Tattaki Da Iyali A Ƙarshen Mako: Abin Da Muka Gani A Duwatsun Shai

  

Kwanakin baya, bayan an tashi daga karatun magariba, wani magidanci daga cikin ɗalibanmu ya matso ya yi mana tambaya da murya ƙasa-ƙasa, kamar mai jin nauyin abin da zai faɗa. Ya ce: "Allah gafarta Malam, yara sun dame ni in kai su hawan dutse ranar Asabar. Ni kuwa ina ganin wannan aikin Turawa ne da marasa abin yi. Yaya za a yi mutum ya biya kuɗinsa don ya sha rana?" Muka yi murmushi, domin mu ma haka muka ɗauki abin shekaru da yawa, har sai da jikoki suka ja mu muka je muka gani. Wannan rubutu amsa ce gare shi da ire-irensa. Za mu bayyana mene ne wannan tattaki, me yake amfanar da gida, yaya ake shirya shi, kuma yaya ake kiyaye salla da mutunci a cikinsa. Za mu yi misali da wurin da ƙafarmu ta taka, wato gandun dajin Duwatsun Shai da ke kusa da Akra, birnin da mu 'yan Zango muke kira Ankara.

Halin da gidajenmu suke ciki

Kakanninmu fatake a ƙasa suka tako daga Kano da Katsina zuwa Salaga neman goro, suna watanni bisa hanya da jakunansu. Ta haka Hausa ta shigo ƙasar nan. Yau jikokinsu a Nima da Mamobi da Fadama da Sabon Zango da Madina da Ashaiman, wani ko kasuwar bakin titi zai je sai ya tare babur. Yaro ya tashi a ɗaki ɗaya ko biyu na gidan haya, filin wasansa lungu ne da bakin kwata. Daga boko sai makaranta, daga makaranta sai waya. Uba ya fita tun asuba, ba ya dawowa sai bayan isha'i. Uwa tana tsakanin murhu da sana'arta. Gida ɗaya ake kwana, amma sai a yi mako guda uba bai zauna da ɗansa minti goma suna hira ba.

Jiki ma yana biyan kuɗin wannan zama. Wanda yake zuwa dubiya da ta'aziyya a Zango ya san yadda hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki suka yi yawa a cikinmu, har ga waɗanda ba su kai hamsin ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a shekarar 2020, ta ce baligi yana buƙatar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a kowane mako, yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 kuwa kimanin minti 60 a kowace rana. Tafiya da ɗan sauri tana cikin wannan lissafi. Fita ɗaya a wata ba za ta cike wannan adadi ba, amma tana sa wa gida son tafiya, kuma wanda ya ɗanɗana hawan dutse sau ɗaya yakan fara takawa zuwa masallaci da kasuwa don kada numfashi ya ba shi kunya a karo na gaba.

Wane wuri ne Duwatsun Shai?

Gandun yana garin Doryumu, cikin gundumar Shai Osudoku ta jihar Ankara, a bakin babbar hanyar da ta tashi daga Tema zuwa Akosombo. Nisansa daga tsakiyar Ankara kimanin kilomita 50 ne. Mutumin Ashaiman zai bi ta Afienya, mutumin Madina da Adenta kuwa hanyar Dodowa ta fi masa kusa. An keɓe wurin a shekarar 1962, aka faɗaɗa shi daga baya har ya kai murabba'in kilomita 51. Sashen kula da namun daji na Hukumar Gandun Daji ta Gana ne yake riƙe da shi, kuma ba a shiga ciki sai da ɗan jagora daga ma'aikatansu.

Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne yadda ƙasar ta yi kama da arewa. Kudancin Gana ƙasar kurmi ce, amma filayen da ke kewaye da Ankara ba sa samun ruwan sama kamar Kumasi, saboda haka ciyawa ce shimfiɗe da itatuwa jefi-jefi, ga kuka tsaye, ga duwatsu sun taso daga tsakiyar fili. Mafi tsawonsu bai kai mita 300 ba, don haka dattijo mai ƙoshin lafiya da yaro ɗan shekara bakwai duk za su iya hawa in an bi su a hankali. Jikanmu da aka haifa a Ankara, wanda bai san kuka ba sai a miya, ranar ya rungumi gindinta ya kasa zagaye ko rubu'inta da hannuwansa.

Tun daga bakin ƙofa za ka tarar da bika, wato gwaggon biri, garke-garke suna zaune a gefen titi. A cikin fili akwai maraya da mazo, akwai ƙananan birai da guza da mesa, an kuma ƙidaya tsuntsaye fiye da iri 150. Akwai jakunan dawa da jiminu da aka kawo aka killace su don baƙi su gani. Wanda ya je neman zaki ko giwa zai dawo da takaici, domin babu su. Amfanin wurin yana ga tafiyar kanta, da duwatsun, da kogunan dutsen da ke cikinsu. A kogon da ake kira Sayu jemagu ne cike, tun kafin ka shiga warin kashinsu zai yi maka maraba.

Tarihin da ke kan dutsen

Waɗannan duwatsu garuruwa ne a da. Mutanen Shai, waɗanda reshe ne na al'ummar Dangme, a kansu suka zauna ɗaruruwan shekaru don tsira daga yaƙe-yaƙe. Har yanzu mai tafiya yana ganin ragowar katangun dutse, da fasassun tukwane, da ramukan niƙa a jikin fa. A shekarar 1892 Turawan Ingila suka sauko da su da ƙarfi, bisa zargin ana kashe mutane wajen tsafi a saman duwatsun. A wannan shekarar aka yi wa maƙwabtansu na Dutsen Krobo haka, zamanin Gwamna Griffith, kuma askarawan da ake kira "Hausa" a rundunar mulkin mallaka suna cikin waɗanda aka tura aikin, ko da yake ba duk wanda ke cikin rundunar ne Bahaushe ba. Wannan abu ne da ya kamata ɗan Zango ya sani kafin ya taka wurin, don ya taka da kunya da ladabi.

Jikokin waɗancan mutane suna Dodowa da Doryumu da garuruwan kewaye, kuma duk shekara suna komawa kufan kakanninsu lokacin bikin cin sabon gero da suke kira Ngmayem. Akwai wuraren da suke girmamawa bisa al'adarsu, kamar tudun Mogo da ake dangantawa da bikin balagar 'yan mata. Matsayinmu a nan a fili yake. Muna kallon kufai don ɗaukar darasi, ba ma shiga wata hidimar da ta saɓa wa aƙidarmu, kuma ba ma yin izgili ko ɓata abin mutane. In ɗan jagora yana bayanin al'adarsu, a saurara da ladabi. In yaro ya yi tambaya, a ba shi amsa a hanyar komawa gida. Mun ga wannan ya fi amfani da a hana yaro ganin abin da wata rana zai gani ba tare da kowa a gefensa ba.

Abin da tafiyar ke yi wa gida

Lokacin da muke karatu a ƙasar Larabawa, mun ga magidanta suna ɗaukar iyalansu da shimfiɗa da butar shayi su fita bayan gari da yammacin ranar hutu, ciki har da malamanmu da muke jin nauyin ɗaga ido mu dube su. Girmansu bai ragu ba. Ya kuma tabbata a tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi tseren gudu da Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, a cikin tafiya. Saboda haka wasa da iyali a fili ba baƙon abu ba ne a wurinmu, mantawa muka yi.

Ga abin da muka lura da shi. Yaron da ba ya iya haɗa ido da mahaifinsa a ɗaki, in suna tafe kafaɗa da kafaɗa bakinsa yakan buɗe. A kan hanyar hawa ne wani jikanmu ya gaya mana cewa akwai manyan yara da ke ƙwace masa kuɗin abinci a makaranta, abin da ya ɓoye wata da watanni. Ba mu tambaye shi ba, tafiya ce ta fito da maganar. Ga kuma tarbiyyar da ba ta buƙatar wa'azi: babba ya jira ƙarami, mai ƙarfi ya karɓi jakar wanda ya gaji, ruwa ya zagaya kowa kafin wani ya ƙara. 'Yan mata kuma suna da haƙƙi a wannan fita kamar 'yan'uwansu maza, haka ma uwar gida, wadda sau da yawa ita ce ta fi kowa buƙatar shan iska, ita ce kuma ake barin ta da wanke-wanke.

Yadda ake shiri

Na farko, lokaci. A Ankara rana tana fitowa wajen ƙarfe shida na safe, ta faɗi wajen shida na yamma, kusan duk shekara. A bar gida bayan sallar asuba, a fara tafiya kafin rana ta yi zafi, a sauko kafin azahar. Da sassafe ne ma dabbobi suke fitowa kiwo, in rana ta take sai su shige inuwa. Daga Afrilu zuwa Yuni ruwa yana da ƙarfi, dutse yana santsi, hanyoyin ciki suna caɓewa. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu ne, safiya da sanyi, ciyawa ta bushe ana hango nesa, amma ƙura tana wahalar da mai asma.

Na biyu, auna nisa. Wani mahayin duwatsu ɗan ƙasar Sikotilan mai suna Naismith ya bar wa matafiya ƙa'ida mai sauƙi: a ba kowace kilomita 5 awa ɗaya, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Wannan lissafin ƙaƙƙarfan baligi ne. Mai tafe da yara da dattawa ya ninka shi biyu. A karon farko kilomita 3 ko 4 sun isa. A gaya wa ɗan jagora gaskiyar shekarun kowa da lafiyarsa, shi zai zaɓi hanyar da ta dace. Mafi rauni a cikin ayari shi ne ma'aunin sauri, kuma sannu ba ta hana zuwa.

Na uku, ruwa. A nan muka yi kuskure a fitarmu ta farko. Mun ɗauki ruwan leda ɗai-ɗai, muka ce ai ba nisa, kafin mu kai rabin hanya ya ƙare, ƙaramar cikinmu ta fara kukan ciwon kai, dole muka juyo ba mu kai sama ba. Ledar ruwa rabin lita ce, kuma mai tafiya cikin zafi yana buƙatar kamar guda a kowace awa. A lissafa wa kowa lita biyu, ban da na alwala. Alamomin ƙarancin ruwa a jiki su ne ciwon kai, jiri, bushewar baki da fitsari ja. In an ga haka a shiga inuwa, a sha ruwa kaɗan-kaɗan. Yana da kyau a riƙe ƙunshin gishiri da suga na kemis. In babu, ana haɗa shi da ƙaramin cokali shida na suga da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta.

Na huɗu, sutura. Takalmi rufaffe mai riƙe ƙasa, ban da silifa. Babbar riga a bar ta a gida. Mata su sa wando mai kauri a ƙarƙashin doguwar riga, da hijabin da ba ya jan ƙasa, domin mai tsawo yana kama ƙaya yana kuma harɗe ƙafa wajen hawa. Tufa mai haske ta fi baƙa sauƙin zafi. Jakar yaro kada ta wuce kamar kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa.

Na biyar, lafiya. Mai ciwon zuciya ko hawan jini da bai daidaita ba, da mai juna biyu, su nemi shawarar likita tukuna. Mai ciwon suga ya riƙe dabino ko alawa a aljihu, kada ya fita da yunwa. Kada yaro ya cusa hannu a rami ko ƙarƙashin dutse. In tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure wurin tamau. A kwantar masa da hankali, a cire zobe ko abin hannu, a hana gaɓar motsi, a garzaya asibiti. Akwai asibitin gunduma a Dodowa, lambar neman agajin gaggawa a Gana kuwa 112 ce.

Salla a bisa hanya

Ɗalibai sukan tambaya ko ana yin ƙasaru a irin wannan fita. A wurin mafi yawan malamai, ciki har da Malikiyya, nisan ƙasaru mil 48 ne, wato kimanin kilomita 80 ko sama da haka kaɗan. Duwatsun Shai ba su kai wannan nisa daga Ankara ba, don haka salla cikakkiya ake yi, kowace a lokacinta. Rana tana karkata wajen ƙarfe sha biyu, wanda ya bi tsarin da muka faɗa zai yi azahar bayan ya sauko.

Alƙibla daga wannan yanki gabas ce mai karkata zuwa arewa, kimanin digiri 64 daga arewa ga mai amfani da kamfas ko waya. Alwala ba ta cin ruwa da yawa. Mudun da Annabi yake alwala da shi ya ɗan fi rabin lita ne kawai, wato ledar ruwa guda da 'yar ƙari. In ruwa ya yi ƙaranci har ana tsoron ƙishirwa, sha ne a gaba, a yi taimama, kuma a mazhabar Malikiyya tana inganta a kan dutse mai tsarki kamar yadda take inganta a kan ƙasa. Amma kada a mai da rangwame hujjar sakaci, wanda ya san zai yi salla ya ɗauki ruwanta. A nemi wuri mai tsabta nesa da hanyar mutane da kashin dabbobi, uba ya ja iyalinsa jam'i. Yaran da suka yi salla a bayan mahaifinsu a gindin dutse ba sa manta ranar.

Ladubban daji

Kada a ba bika abinci. Mun san tausayi ne ke sa mutane jefa musu ayaba da burodi, amma cutarwa ce. Birin da ya saba da abincin hannu yana daina kiwo, ya koma zaman bakin titi inda motoci ke bi da gudu, ya kuma koyi fizge. A gabanmu wani ya warce ledar ƙosai daga hannun yaro kafin a ce kwabo. Cizonsu yana da haɗari. Abinci ya zauna cikin jaka a rufe, gilashin mota a ɗage, yara kuma kada su tsokane su ko su ƙura musu ido.

Duk ledar da aka shiga da ita a fito da ita. Dabba tana haɗiye leda, ta toshe mata ciki ta mutu a hankali. Kada a kunna wuta, musamman da hunturu, domin ƙwayar ashana ɗaya tana iya cinye fili guda. Kada a ɗauki gutsuren tukunya ko dutse daga kufai, kada a rubuta suna a jikin fa ko a gindin kuka. A rage hayaniya da kiɗan waya, mai surutu ba ya ganin maraya. A bi bayan ɗan jagora, a girmama shi, in da hali a yi masa alheri.

Ina lokacin, ina kuɗin?

Mun san amsar da za a ba mu: Asabar da Lahadi akwai makaranta, akwai aure da suna da addu'a. Gaskiya ne, kuma mu da muke karantarwa ba za mu ce a bar karatu ba. Amma rana ɗaya a wata biyu ba ta rushe hadda. Akwai ranakun hutun ƙasa kamar 6 ga Maris, akwai kwanakin bayan Salla, akwai hutun makarantu. Malaman makarantu ma suna iya shirya fitar da kansu tare da iyaye, ta zama ladan wanda ya kai ƙarshen izu. Mun halarci bukukuwan da aka kashe wa ankon rana ɗaya abin da ya fi kuɗin wannan tafiya sau da yawa.

Ana biyan kuɗin shiga da na ɗan jagora, na 'yan ƙasa ya fi na baƙi sauƙi, na yara da ɗalibai ya fi na manya sauƙi. Gida biyu ko uku suna iya haɗa kuɗi su ɗauki mota guda, a dafa wake da shinkafa daga gida. Wanda Shai ta yi masa nisa ko tsada ya fara da abin da ke kusa: lambun Aburi da aka buɗe tun 1890, ko bakin teku da sassafe kafin jama'a su cika. 'Yan'uwanmu da ke wasu garuruwa da ƙasashe su duba tudu ko gandun da ke kusa da su, da sharaɗin a tabbatar da tsaron wurin daga hukuma kafin a ɗauki mata da yara.

Shi kuwa mai tambayarmu, daga baya ya zo ya ce sun je. Ya ce ƙafafunsa sun yi kwana uku suna ciwo, amma babban ɗansa, wanda suka daɗe ba sa jituwa, shi ne ya miƙo masa hannu ya ja shi a hawan ƙarshe. Muka ce masa to ya sa ranar komawa tun ciwon bai warke ba.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya shirya mana zuriyarmu, Ya sanya ƙauna da tausayi a gidajenmu, Ya kai mu lafiya Ya dawo da mu lafiya.